Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya na Tarayyar Sudan

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ma'aikacin lafiya ne ni a Gadarif, kuma magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: batun na'urar gano sankarar huhu. Kai likita ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Mutum zai zo da tari da rama, daga Mayirno ko Sinja ko ramukan zinare. A ɗauki hoton ƙirji, a ga ɗan tabo can gefen huhu. A gwada kakinsa a GeneXpert, na'urar gwajin tarin fuka, babu ƙwayar tarin fuka. Duk da haka sai a ɗora shi kan maganin tarin fuka na wata 6, don shi ne maganin da ke hannu kuma kyauta ne. In tarin fukan ne, alhamdu lillahi. In sankara ce, an ba ta wata 6 tana yaɗuwa, sai ta wuce aikin tiyata. Ba laifin likitan ƙauye ba ne. Da me zai gane?

Bututun kallon huhu na yau da kullum ba ya kaiwa irin wannan tabo, saboda hanyoyin iska suna ƙara tsukewa in aka doshi gefe. Ga allurar da ake sokawa ta tsakanin haƙarƙari ana kallon hoton CT. Tana samo tsokar da za a gwada, amma a wajen mutum 1 cikin 5 iska na shiga kogon ƙirji huhu ya lotsa. Ka yi tunanin hakan ga tsohon da ya shekara 40 yana shan taba.

Akwai hanya ta uku da ake kira EBUS. Ana zura wani siririn tsinke ta cikin bututun, bakinsa na juyawa yana aika sauti yana dawo da hoton abin da ke kewaye. In ya shiga tsakiyar tabon, sai a cire shi a bar kubensa a wurin, a zura ɗan hantsaki a tsinko tsoka. Ana gano cutar a wajen kashi 70 cikin 100, lotsewar huhu kuwa wajen kashi 1 ce. Tun farkon shekarun 2000 ake wannan aiki a Jamus da Japan. Ba abin da aka ƙirƙiro jiya ba ne.

To irin wannan na'ura nawa muke da su a asibitocin gwamnati tsakanin Kassala da Damazin? Mai hali ya san hanyar Alƙahira. Manomin riɗi fa?

Na san za a ce yaƙi. Mun gan shi tun 15 ga Afrilun 2023, mun karɓi marasa lafiyar Madani da suka gudo a Disambar shekarar. Amma an ƙwato Madani tun Janairun 2025, kuma gwamnati da bakinta ta kira kanta gwamnatin kyakkyawan fata. Fata ba ya tsinko tsoka, ranka ya daɗe.

Don Allah, in aka zo rubuta kayan da za a saya wa cibiyar sankara ta Madani da Asibitin Sha'ab na Khartum, a sa wannan na'ura ciki. A tura likitocin ƙirji su koyo, domin sai hannu ya saba. Ɗakin gwajin tsoka ma yana son gyara, in ba haka ba samfurin zai yi ta zama cikin kwalba. Batun wutar lantarki kuwa ka fi ni sani.

A faɗa mana asibitin da za a fara da shi da watan da za a fara.

Wassalam,
Ma'aikacin lafiya daga Gadarif