Wasiƙa daga Agege

Agege, Legas
Daren Laraba

Mutumina Bala,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Inna, ya amarya? Na san ka cika ka batse, wata huɗu ko filashin ban yi maka ba. Laifina ne, na karɓa, kada ka fara.

Ƙarfe ɗayan dare ne yanzu, barci ya ƙi zuwa, don aikin nan da na yi mako uku ina dambe da shi yau ya tashi! Na'urori hamsin na zuba a NS-3, manhajar da muke kwaikwayon sadarwa da ita, suna ta yawo a kwamfuta suna aika wa juna saƙo babu ƙarfen sabis ko ɗaya. Ihun da na yi sai da maƙwabcina ya buga bango.

Na san za ka ce, "To, Farfesa, da Hausa." Ka tuna danfon da muka shiga zuwa Oshodi, kana can kujerar baya, ka miƙa kuɗinka hannu zuwa hannu har ya kai ga kwandasta? Shi ke nan aikina. Kowace waya fasinja ce, tana karɓar saƙon wata ta miƙa gaba. Sai dai fasinjojin nawa ba sa zama wuri ɗaya, kullum hanya tana tsinkewa ana neman sabuwa. Tsarin da nake amfani da shi, AODV, tun 2003 aka fitar da ƙa'idarsa. Mai saƙo yana yin cigiya, maƙwabta su yaɗa, wanda ya san hanya ya amsa. Waɗanda suka tsara shi sun ɗauka kowa mutumin kirki ne. Ka ji waɗanda ba su taɓa shiga danfo ba.

Sai mugu ɗaya ya yi caraf ya ce hanyarsa ce mafi sabunta, kowa ya danƙa masa saƙo, shi kuwa ya watsar. Baƙin rami ake ce masa. Wallahi duk sanda na ga wannan na'ura a allo Ɗanliti nake tunawa da kuɗin adashenmu.

Af, Ɗanliti ya bar acaba tun da aka hana su manyan unguwanni a 2022, yanzu albasa yake saukewa a Mile 12, har ya yi tumbi. Ya ce in gaishe ka. Kuɗin dai shiru.

To ga inda gizo ke saƙar. In kullum gajeriyar hanya ake bi, wayar da ke tsakiya ita ke shan wahala, cajinta ya ƙare, jama'a su rabu gida biyu. Sai na sa a riƙa duba sauran cajin kowa kafin a zaɓi hanya. Na nuna wa Malam, mai duba bincikena, ina ta washe baki, ya cire tabarau ya ce, "Wa ya gaya maka gaskiyar cajin za su faɗa?" Jikina ya yi sanyi. Ɓarawo zai ce batirinsa a cike yake don a bi ta kansa, malalaci ya ce nasa ya kusa mutuwa don a ƙyale shi. In kuma na sa kowace waya ta kasa kunne ta ji ko maƙwabciyarta ta miƙa saƙon, dole rediyonta ya zauna a kunne, saurare kawai ma cin caji yake. Haka tantance sa hannun sirri a kan kowace amsa, wato hatimin da ke nuna ba ta jabu ba ce, shi ma cin caji yake. Gadin ya cinye abin da ake gadi, ka gani? Nan na maƙale, ga Malam yana son babi na huɗu na kundin bincikena kafin ƙarshen wata.

Ni da nake koya wa wayoyi tattalin caji, tawa kwamfutar minti arba'in take yi in an ɗauke wuta. Batirin da na sayo wancan watan ashe tsoho ne aka goge. Wajen mai shayin bakin masallaci nake kai ta, har ya fara ce mini Injiniya ba caji.

Wai da gaske ne Habu ya sayi mota? Habun da muka sani? Ka turo hoto, in ba haka ba ban yarda ba. Kuma kilishin da ka ce ka ba direban tirela tun azumi, shi ma baƙin rami ya faɗa ko?

Ka gaida Inna, ka ce ta sa ni a addu'a. Ka ce wa amarya ta rage maka tuwo.

Naka,
Sabi'u