Godiya ga Ɗakin Ɗanɗanon da Ya Saurari Ƙorafina

Zuwa ga shugabar sashen kula da inganci da dukkan ma'aikatan ɗakin ɗanɗano,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda a bainar jama'a na soki kayanku. Tunda mutane sun ji ƙorafina, hakki ne a kaina su ji yadda kuka karɓe shi.

Aikina shi ne zaɓar abin shan da ake sayarwa a wani gidan abinci. Shekara uku ke nan da likita ya raba ni da duk wani abu mai barasa saboda hanta, don haka giya marar barasa ce na fi sa wa ido yanzu, kuma duk wadda na ɗanɗana nakan rubuta abin da harshena ya ji. Da kuka fitar da sabbin nau'o'inku guda huɗu da kuka kira giyar sana'ar hannu, sunan da aka saba ba wa giyar ƙananan masu haɗawa, na saya da kuɗina na gwada. Na rubuta cewa lagar cikinsu, wato nau'in giya mai sauƙin ɗanɗano, tana warin jiƙaƙƙen kwali, kuma zaƙinta ya yi yawa kamar ba a ƙarasa haɗa ta ba. Na ƙara da cewa kamfani mai girma irin naku ba shi da hurumin kiran kayansa da wannan suna.

Na ɗauka ko dai a yi kunnen uwar shegu da ni, ko a aiko mini da katan kyauta a toshe mini baki. Sai ga saƙo daga wajenki, ranki ya daɗe, tambaya uku kacal: wace lamba ce a wuyan kwalbar, yaushe na saya, a wane irin wuri na same ta a ajiye. Bayan mako biyu kika sake rubuto mini. Kika ce warin kwalin alamar tsufa ne: 'yar iskar da ta saura a kwalba ce take lalata ɗanɗanon sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara mata gudu, ga shi kwalbar ta kusa cika wa'adinta. Da kin tsaya a nan, da kin wanke kamfaninku tas. Amma sai kika ce zaƙin kam daga wajenku yake, ba daga ajiya ba, kuma ku ma kun ji shi. Wannan magana ce ta sa na amsa gayyatarku.

Ɗakin ɗanɗanonku ya ba ni mamaki da rashin ado. An roƙe ni kada in fesa turare, kada in sha kofi kafin in zo, an kuma sa zaman da hantsi lokacin da harshe bai gaji ba. Kowa na zaune a gurbinsa, ba ya ganin fuskar na kusa da shi, kofuna ba suna sai lamba uku-uku. Matashin da ya kula da ni ya ajiye mini kofi uku ya ce biyu iri ɗaya ne, ɗaya daban, in fitar da shi. Ya kuma gaya mini tun farko cewa ko mai cinkewa zai dace sau ɗaya cikin uku, shi ya sa ba a yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, sai an tara mutane da yawa an lissafa. A karo na farko na dace, a na biyu na kuskure. Bai nuna mini wani abu a fuska ba, ya dai sake zuba mini, ya ce in fara da hanci kafin baki.

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne jerin kofunan da kuka ɓata da gangan. Kun ɗauki giya mai kyau, kun ɗiga wa kowane kofi aibi guda don in san shi da sunansa. Ɗaya yana ƙamshin man shanu, wai alamar an raba giyar da yis kafin ya gama share abin da ya bari. Ɗaya yana warin dafaffiyar masara, wannan daga tsiron sha'ir yake fitowa idan ba a tafasa ruwan sosai ba. Na ukun an bar shi ne a hasken rana na ɗan lokaci, ya koma yana wani wari mai hawa kai, saboda haske yana sauya sinadarin ɗacin da ke fitowa daga furen hof. Ashe dalilin da ya sa kwalba mai ruwan ƙasa ta fi koriya da fara kare abin da ke cikinta ke nan. Na yi shekaru ina jera kwalabe a firji mai ƙofar gilashi kusa da taga. Ranar da na koma aiki na sa aka matsar da shi.

Daga nan aka zaga da ni inda ake cire barasar. Barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa kuma sai 100, amma idan aka dafa giya har ta kai wannan zafi ƙamshinta ya tafi. Shi ya sa ake zuƙe iskar tukunyar, barasar ta tashi a zafi kaɗan da bai kai ya dafa abin shan ba. Akwai kuma hanyar tacewa ta wata matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai. Hanya ta uku ita ce a hana barasar samuwa tun farko, da irin yis ɗin da ba ya iya cin yawancin sukarin tsiro. A nan na gane asalin ƙorafina: da hanya ta uku kuka yi lagar, sukarin da yis bai ci ba shi ne ya zauna mini a harshe.

To ga hukuncina bayan na sha su sabbi, kuma na san kun fi son gaskiya. Giyar alkamar ita ce gwanar cikinsu. Ƙamshin ayaba da kanumfari da yis ɗinta ke bayarwa ya fito sarai, kumfarta tana daɗewa, kuma ɗan zaƙin da ke damun giya marar barasa ya dace da ita maimakon ya ɓata ta. Baƙar, wato sitawut, ta zo ta biyu: gasasshen sha'ir ya ba ta ɗacin kofi mai tsabta, sai dai ba ta cika baki kamar yadda launinta ya yi alkawari, kuma idan ta yi sanyi ƙwarai ba a jin komai, gara a bar ta ta ɗan huce. IPA ɗinku, wato giyar da ake yawaita wa furen hof, hanci ya fi baki morar ta. Furen hof nau'in Cascade da kuka zuba mata a ƙarshe yana tashi da ƙamshin ɓawon lemo, amma ɗacin yana tsayawa shi kaɗai a maƙogwaro babu abin da ya tallafe shi. Lagar, ko da sabuwa, zaƙin yana nan. Laga ba ta da inda za ta ɓoye aibi, kun kuma faɗi haka da bakinku kafin ni.

Kan batun suna ba mu daidaita ba, kuma na ji daɗin yadda muka saɓa. Na kawo muku ma'aunin ƙungiyar masu haɗa giya ta Amurka, Brewers Association, wadda ta ce mai wannan suna shi ne wanda ba ya wuce ganga miliyan 6 a shekara, kuma babban kamfanin barasa bai mallaki kashi 25 cikin 100 na hannun jarinsa ba. Na tuna muku yadda mashaya da yawa suka ji zafi lokacin da babban kamfanin giya Anheuser-Busch ya sayi ƙaramin kamfanin Goose Island a 2011. Ba ki musa ko ɗaya ba, ranki ya daɗe. Kin ce a wannan ma'auni ba ku cika ba, kin nuna mini sunan kamfaninku a rubuce ɓaro-ɓaro a gaban kowace kwalba, kin ce ba za ku fake da wani ƙaramin suna ba. Har yanzu ina ganin sunan na ƙananan masu sana'a ne. Sai dai na fita da wata fahimta da ban shiga da ita ba: girma ma yana da abin da yake kawowa. A ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg ne Emil Christian Hansen ya fara ware yis tsantsa iri guda a 1883, kuma ƙanana da manya duk suna cin gajiyar wannan aiki har yau. Giya marar barasa ta fi kowace bukatar irin wannan kulawa, domin barasar da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa ba ta nan, dole a gasa kwalaben da ruwan zafi bayan an rufe su, a kuma riƙa aunawa.

Godiyata mafi girma a kan wannan aunawar take. Na tambayi nawa ne ainihin barasar da ta saura, domin ga mai ciwo irin nawa, da duk wanda ya ƙaurace mata saboda wani dalilinsa, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Ba a ba ni amsar talla ba. An bayyana mini cewa a ƙasashe irin su Jamus da Amurka abin sha mai ƙasa da kashi 0.5 cikin 100 yana shiga sahun marar barasa, alhali a Ingila sunan ya fi tsauri, sai wanda bai wuce 0.05 ba. Aka buɗe mini takardar gwajin kowanne cikin huɗun, aka nuna mini biyun da suka cancanci 0.0 da biyun da ke da ɗan saura. Ma'aikaciyar da ta nuna mini ta ce in kai wa likitana alkaluman kafin in mayar da waɗancan biyun abin shan kullum. Na kai masa, kuma yanzu haka nake rubuta su a takardar abin shanmu, kowanne da adadinsa, don baƙo ya zaɓa da saninsa.

Ta alkamar da baƙar sun shiga jerinmu tun watan jiya. Lagar tana jira. Kun ce kuna gwada ta da hanyar tacewa, kuma za ku kira ni idan ta fito. Zan zo da hantsi, ba turare, in kuma rubuta abin da na ji ko da bai yi muku daɗi ba. A isar mini da gaisuwa ga matashin nan mai kofuna uku.

Naku da girmamawa,
Mai kula da abin sha a wani gidan abinci