Wanda ya bugu a ka, kada a wuce da shi gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinka, don abin da ya faru a layinmu nan Aboabo har yanzu bai bar ni na yi barci ba.

Ɗan maƙwabcinmu, ɗan okada, ya yi karo da pragya, wato keken fasinja mai ƙafa uku, wajen Anloga Junction. Hular kwanonsa tana rataye a hannun babur, yadda samarinmu suka saba: sai an hango ɗan sanda a ɗora ta, igiyar haɓa kuwa ko oho. Kansa ya daki kwalta. Ya miƙe da ƙafarsa, ya kakkaɓe wando, har da cacar baki kan fitilar da ta fashe. Kowa ya ce Allah ya kiyaye. Aka kawo shi gida, mahaifiyarsa ta ba shi maganin ciwon kai, ya kwanta. Da asuba aka tashe shi, bai tashi ba. Bayan azahar muka sallace shi.

A wajen zaman makoki wata ma'aikaciyar jinya ta yi mana bayanin da ya sa jikina ya yi sanyi. Jijiya kan tsinke a cikin ƙoƙon kai, jini ya riƙa taruwa sannu a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, alhali mutum yana ta hira lafiya lau. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan gyangyaɗi, ruɗewar magana, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk alamu ne. Hoton CT, wanda ake ɗauka a asibiti don ganin cikin kai, ke gano shi, kuma idan an yi aiki da wuri ana tsira. Ga asibitin Komfo Anokye nan kusa da mu, amma babu wanda ya yi tunanin zuwa, har da ni, da gemuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano, idan an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Ajali gaskiya ne, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Roƙona, Malam Edita, ku taya mu isar da wannan ga limaman Zango su sa shi a huɗubar Juma'a, shugabannin okada kuma su faɗa a tasha. Wanda ya faɗi bai motsi, kada a ɗage shi a jefa bayan aboboyaa, wato keken kaya mai ƙafa uku, don wuya ma kan karye. A kira lambar gaggawa, 112.

Naka,
Wani tela daga Aboabo, Kumasi