Darwin ya fi ƙarfin gardamar biri

Malam Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan makalar da kuka buga game da Charles Darwin, masanin halittun nan ɗan Ingila. Marubucin ya yi ƙoƙari, sai dai ya bi sahun da kowa ke bi. Da an ambaci Darwin sai a ce ai shi ne ya ce mutum daga biri ya fito, gardama ta kaure, a watse ba wanda ya ƙaru. Alhali littafinsa na 1859 da ƙyar ya taɓo ɗan Adam. Sai a 1871 ya keɓe wa batun littafi.

Da tattabaru ma ya buɗe hujjarsa a littafin na 1859, domin shi kansa ya yi kiwonsu. Mai kiwo kan ware wadda jelarta ta fi buɗewa ya haɗa ta da irinta, ya maimaita a 'ya'ya da jikoki, har a wayi gari da tattabarar da ba ta kama da kakanninta na daji. To a dawa, inda babu mai kiwo, wa ke wannan zaɓen? Amsarsa ita ce yunwa da cuta da sanyi da masu farauta. Abin da ake haifa ya fi abin da abinci zai ɗauka, 'ya'yan kuma ba su zama ɗaya. Wanda halittarsa ta fi dacewa da wurin shi ke kai labari, ya bar zuriya.

Makalar kuma ta danne haƙƙin Alfred Russel Wallace, wani masanin halittun. Wannan bawan Allah yana fama da zazzaɓi a tsibiran Indonesiya ta yau ya gano wannan bayani shi kaɗai, ya aika wa Darwin a 1858. Ranar 1 ga Yuli na shekarar aka karanta rubutun su biyun tare a Landan. Darwin da ya yi shekara ashirin yana jan ƙafa, wasiƙar nan ce ta zaburar da shi. Duk da haka har ya rasu a 1882 bai san yadda gado ke tafiya daga iyaye zuwa 'ya'ya ba. Gregor Mendel, wani mai binciken tsirrai, ya riga ya wallafa amsar tun 1866, amma ba a waiwaye ta ba sai 1900.

Abin da ya fi damuna shi ne, muna can muna musun biri, zaɓen nan yana gudana a jikinmu. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai bar ƙwayoyin cuta masu taurin kai su yaɗu. Haka sauro ya yi wa maganin kashe ƙwari na DDT taurin kai. Don Allah makala ta gaba ku nemo likita ya yi wa masu karatu bayanin wannan dalla-dalla.

Naka,
Wani mai karatu