Zuwa ga ɗana, kan aikin karɓar jama'a a ikkilisiya

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Labari ya iso cewa dattawan ikkilisiya sun ɗora maka shugabancin masu karɓar jama'a, na kuwa gode wa Allah. Ka tambaye ni ta ina za ka fara. Ka fara da mutanen da ba ka gani a sujada.

Ran Lahadi mai zuwa ka tsaya daga baya, ka bi bencina da kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 6 a duniya, wato kimanin biliyan 1.3, yana rayuwa da wata babbar nakasa. In kuna taruwa ku 300, amma ba keken guragu ko ɗaya, ba makaho, ba kurma, kada ka ɗauka babu su a kewayenku. Suna nan, wani abu ne ya tare su. Wani matakala ce ta hana shi, wani makewayi, wani kuwa magana ce aka yaɓa masa shekaru da suka wuce, har yau tana masa ciwo. Kada ka zauna da kwamiti kuna ta ƙiyasin dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka je gidajensu, ka zauna, ka tambaya, ka rubuta abin da suka faɗa da kalmominsu. Ka tuna da Bartimawas a Markus 10:46-52. Kowa yana ganin makaho ne, duk da haka sai da Yesu ya tambaye shi abin da yake so a yi masa.

Sai ginin kansa. Nan ne mutane masu kyakkyawar niyya suka fi ɓarnar kuɗi, domin sukan zuba siminti a gefen matakala su ce an yi hanyar keke, alhali tudun ya yi tsaye har mai keken ba zai iya hawa shi kaɗai ba, in kuwa zai sauko sai keken ya ƙwace masa. Ma'aunin da magina suka sani shi ne 1 bisa 12: kowace santimita ɗaya ta tsayi tana buƙatar santimita 12 na tsawo. In matakalarku hawa uku ce, kowane hawa santimita 15, jimla 45 ke nan, gangaren zai kai mita 5 da santimita 40. Faɗinsa kada ya gaza santimita 90, gara ma ya kai 120. A sa ƙarfen riƙewa hagu da dama, tsayin kimanin santimita 90, a ɗan ɗaga bakin gangaren don kada taya ta zame, a kuma bar simintin da kaushi saboda ranar ruwa. A sama, gaban ƙofa, a bar fili shimfiɗaɗɗe mai tsawon mita ɗaya da rabi, in ba haka ba mutum zai riƙa jan ƙofa keken yana komawa baya da shi. Gangaren nan ya kasance a babbar ƙofar da kowa yake shiga. Wanda aka zagaya da shi ta bayan gini ya riga ya gane matsayin da aka ba shi.

A ciki, kada a tara masu keke a can baya ko a tsakiyar hanya. Keke yana cin fili kimanin santimita 76 a faɗi, 122 a tsawo, yana kuma buƙatar da'irar mita ɗaya da rabi kafin ya juya. Ku gajarta benci biyu ko uku a wurare dabam dabam, ɗaya gaba, ɗaya tsakiya, yadda mutum zai zauna kusa da matarsa ko abokinsa. Ka duba makewayi da idonka: ƙofar da ta kai santimita 90, mai buɗewa waje, da ƙarfen dafawa a bango. Tsofaffi da yawa sun daina zuwa sujada saboda makewayi, kunya kuma ba za ta bari su faɗa maka ba. Littafin Firistoci 19:14 ya hana sa abin tuntuɓe a gaban makaho. A yau abin tuntuɓen nan wayar lasifika ce da aka ja ta ratsa hanya, da jakunkunan da aka ajiye a bakin benci.

Game da ji da gani, kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton ƙara sautin lasifika zai taimaki mai nauyin kunne. Ƙarar tana dagula kalmomi ne, musamman ga mai na'urar ji, tana kuma korar jarirai da yaran da hayaniya ke firgita su. In mutum biyu da ke tsaye kusa da juna sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, sautin ya yi yawa. Abin da ke taimako shi ne mai magana ya riƙe makirfo ƙasa da leɓensa don a ga bakinsa, haske ya faɗi a fuskarsa, kada ya tsaya taga tana bayansa, ya kuma rage gudu. In kuna da kurame, ku nemi mai fassara da maganar hannu, ya tsaya kusa da mai wa'azi domin ido ɗaya ya ɗauke su duka biyu. A ba shi nassosi da waƙoƙi tun kwana ɗaya ko biyu kafin Lahadi. Aikin yana gajiyar da mutum, shi ya sa ƙwararru suke karɓar juna bayan minti 20 zuwa 30, don haka ku koyar da mutum biyu. Ku fara tambayar kuramen wace maganar hannu suke yi, gama ba iri ɗaya ba ce ko'ina. Ga masu raunin gani, a buga 'yan takardun tsarin sujada da manyan baƙaƙe, girman rubutu lamba 18 a kwamfuta, baƙi a kan fari. Duk abin da aka haska a bango, a karanta shi da baki. Wannan zai amfani makaho, ya amfani wanda bai yi karatu ba, ba tare da an nuna kowa da yatsa ba.

Yanzu mutanenka da ke bakin ƙofa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma fara'a ma tana buƙatar koyo. Su iso minti 30 kafin a fara, ɗaya kuma ya ci gaba da tsayuwa bayan an fara, domin baƙo mai jin nauyi yakan makara da gangan. Su yi magana da mutumin kai tsaye, ko da yana tare da ɗan jagora ko mai tura shi. Kada su taɓa keke ko sanda sai sun nemi izini. Makaho ba a jan hannunsa. Ka faɗi sunanka, ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, ka yi gaba da rabin taki, kana gaya masa inda matakala take. Kada su tambayi mace ina mijinta ko 'ya'yanta nawa, kada su tambayi wanda ya daɗe bai zo ba ina ya shiga. "Mun yi murnar ganinka" ta isa. Al'adar sa baƙi su miƙe tsaye kuwa, ku mai da ita gayyata, wanda ya so ya tashi. Wani ya zo ne da nauyi a zuciya, yana so ya zauna shiru a gaban Allah, tafa masa hannu da kallon jama'a za su hana shi dawowa.

Ka karanta wa mutanenka Yakubu 2:1-4 tun a zamanku na farko: mai zoben zinariya aka kai wuri mai kyau, matalauci aka ce ya tsaya can. Yakubu bai ɗauki wannan ƙaramin kuskure ba, ya ce masu yin haka sun zama alƙalai masu mugun tunani. Abin yakan shigo ta hanyoyin da ba a lura. Kiran sunayen masu bayarwa da adadin kuɗinsu, kayan bai ɗaya da aka wajabta wa ƙungiya, kuɗin taron matasa da ba a yi wa marasa hali tanadi ba, duk suna tace jama'a. Ka roƙi dattawa a ware wani abu daga baiko don irin wannan, mutum biyu kawai su san wanda aka biya wa.

Harshe ma ƙofa ne. Bulus ya tambaya a 1 Korantiyawa 14:16 yadda wanda bai fahimci abin da kake faɗa ba zai ce "Amin" ga godiyarka. In akwai masu wani harshe a cikinku, a karanta nassi ɗaya da harshensu, a rera waƙa ɗaya da shi. In za a fassara wa'azi jimla bayan jimla, lokaci zai ninka biyu, saboda haka wa'azin minti 40 sai a rage shi zuwa 20. Mai jagora ya riƙa faɗin abin da ke tafe da dalilinsa a taƙaice, ya ce "mu miƙe, waɗanda za su iya." Kafin Jibin Ubangiji a faɗi koyarwar ikkilisiyarku a fili, da taushin murya, domin baƙo ya san matsayinsa kafin a iso gabansa, a kuma kai wa waɗanda ba za su iya fitowa gaba ba har inda suke zaune.

Akwai maganar da nake so ka kai wa fasto cikin ladabi. Kada a fito da nakasasshe gaba don addu'ar warkarwa ba tare da ya nema ba, kada kuma a bar shi da zargin cewa zunubinsa ko ƙarancin bangaskiyarsa ne ya jawo. A Yahaya 9:1-3 almajirai sun yi wannan zato game da wanda aka haifa makaho, Yesu ya ce ba shi ya yi zunubi ba, ba kuma iyayensa ba. Haka mai farfaɗiya. In ta tashi ana cikin sujada, a kawar da benci, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a sa masa kome a baki, in jijjigar ta lafa a juya shi kan gefensa. In ta wuce minti 5, a nemi taimakon likita nan da nan. A hana jama'a taruwa a kansa. Yadda kuka yi a wannan minti biyar shi zai nuna ko iyalinsa za su sake kawo shi.

Kukan jariri ba laifi ba ne. Markus 10:14 ya ce ran Yesu ya ɓaci sa'ad da aka tsawata wa masu kawo yara. Ku bar wa iyaye benci kusa da ƙofa, da wani ɗaki da ake jin wa'azi daga ciki.

Abin da na fi so ka riƙe yana cikin Ayyukan Manzanni 6:1-6. Masu bi da ke jin Helenanci, wato harshen Girka, sun yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata wajen rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri ba, ba su kuma kira su masu raba kan jama'a ba. An zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, sunayensu duka na Helenanci ne, tun daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya, wanda asalinsa ma ba Bayahude ba ne. Mutum yana iya shekara goma ana masa maraba, yana nan baƙo, muddin ba a taɓa neman wani abu daga hannunsa ba. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 12:21-22 ido ba zai ce wa hannu ba ya buƙatarsa ba, gaɓoɓin da ake gani raunana kuwa su ne ba a iya yi sai da su. Don haka makaho mai murya ya shiga mawaƙa, a aika masa waƙoƙin ta sauti a waya. Mai keke ya karanta nassi, a sauko masa da makirfo ko a yi gangare zuwa bagade. Gwauruwa da wanda bai yi aure ba su zauna a kwamiti. A cikin masu tsayawa bakin ƙofa ma, ka sa tsoho da matashi, mace da namiji, da wani wanda bara shi ma baƙo ne.

Za a tambaye ka ko karɓar kowa na nufin a zubar da koyarwa. Ba haka ba ne. Baftisma, shugabanci da horo suna da ƙa'idodinsu, suna kuma hannun fasto da dattawa. Matiyu 18:15 ya ce gyara yana farawa tsakanin mutum biyu, a kaɗaice. Mai tsayawa bakin ƙofa ba alƙali ba ne, nasa ya ba mutum wurin zama ya ji Maganar Allah. Iyaka ɗaya ce ba na so ka sassauta a kanta, ita ce kare yara da raunana. Kowane ajin makarantar Lahadi ya kasance da manya biyu, ƙofa a buɗe. Wanda aka san ya taɓa cutar da yaro yana iya yin sujada bisa sharuɗɗan da dattawa suka gindaya, amma ba a ba shi aiki cikin yara, kome tubansa.

Ka ajiye littafi na waɗanda ba sa iya fitowa, a riƙa ziyartarsu aƙalla sau ɗaya a wata. Wanda ba a gani ba Lahadi uku a jere, a kira shi a gaishe shi, ba tare da tuhuma ba. Baƙon da ya yarda ya ba da lambarsa, mutum ɗaya ya neme shi cikin makon, lambar kuma kada ta shiga hannun kowa. Kada ka kai wa dattawa dukan waɗannan a zama ɗaya. Ka fara da waɗanda ba sa cin kuɗi, wato wayoyin da ke hanya, sautin lasifika da koyar da mutanenka, kana auna matakala kana neman magini.

Ka aiko mini da awon matakalar da faɗin ƙofar, mu lissafa gangaren tare. Mahaifiyarka tana gaishe ku, muna kuma yi maka addu'a. Ka gai da matarka da yara. Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai.

Ni ne,
Mahaifinka