Wasiƙa ga aminina kan ɗigon nan na cikin taswira

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma haƙuri da rashinmu? Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da ka liƙa a ƙarshensa, wai me ya sa sabuwar wayarka take gane inda kake ko a tsakanin dogayen gine-gine, alhali tsohuwar takan ajiye ka a wani titi daban. Ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don ka san tun da na shiga aikin safiyo ba ni da hirar da ta wuce wannan.

Ɗigon nan da kake gani a taswirar wayarka, mai nuna inda kake, asalinsa lissafin lokaci ne. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna can sama da nisan kilomita kusan 20,200, kowanne ɗauke da agogon atom, yana ta shela cewa ga inda nake, ga kuma lokacin da na yi magana. Wayarka ba ta aika musu komai, kunne kawai take kasawa. Da ta ji daga huɗu, sai ta auna jinkirin kowane saƙo ta fitar da inda kake tsaye. Saƙon yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa ka mita 300 daga wurinka. Har yau idan na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Da can GPS ne kawai a fage, sai GLONASS na Rasha. Galileo na Tarayyar Turai ya fara aiki a Disamban 2016, Sin kuma ta kammala nata BeiDou a 2020, kuma wayar zamani duka take saurare. Daren jiya na tsaya a fili na buɗe wata manhaja mai nuna taurarin da wayata ke ji, na ƙirga fiye da 30, kowanne da 'yar tutarsa a gefe. Ka ga ko gini ya tare rabinsu, sauran sun ishe ka. Ban da haka, tun 2018 aka fara fitar da wayoyi masu kama saƙon taurarin ta zangon rediyo biyu, waɗanda ake kira L1 da L5. Da su waya ke rage jinkirin da saman sararin samaniya ke jawo wa saƙon, ta kuma fi iya bambance wanda ya zo kai tsaye da wanda ya bugi bango ya dawo. Wannan na ƙarshen shi ne ya riƙa ruɗa tsohuwar taka.

Mu a wurin aiki mukan kafa na'ura ɗaya a kan wurin da aka riga aka san awonsa, ita ke aika gyara ga wadda nake riƙe da ita a kan sanda, sai kuskure ya dawo santimita biyu ko uku. A Janairun 2023 Galileo ya fara watsa irin wannan gyara kyauta daga sama, mai kaiwa wajen santimita 20. Da awo ya kai wannan matsayi, sai motsin ƙasar kanta ya zama abin lissafi. Ostireliya tana gusawa arewa maso gabas da kusan santimita 7 duk shekara, har sai da suka matsar da lambobin taswirarsu da mita 1.8.

Sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai. Kafin saƙon nan ya iso ƙasa ya riga ya yi rauni matuƙa, 'yar ƙaramar na'ura ma tana iya danne shi. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin jiragen sama na Finnair ya dakatar da zirga-zirga zuwa Tartu ta Estoniya na wata guda saboda katsalandan ga GPS a yankin Baltik. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne saƙon bogi, don idan an toshe ka ka san an toshe ka, shi kuwa wannan nuna maka zai yi kana wani wuri, kai kuma ka yarda. Kuma ba matafiya kaɗai abin ya shafa ba, bankuna da turakun waya da layukan lantarki da yawa daga taurarin nan suke saita agogonsu. Shi ya sa na ji daɗi da Galileo ya fara sa wa saƙonsa hatimin tantancewa a 2025, ko da yake sai na'urori sun iya karanta hatimin kafin ya yi amfani.

Tunda kana yawan doguwar tafiya da mota, don Allah ka riƙa sauke taswirar hanya a wayarka tun kafin ka tashi, kuma idan ɗigon ya saɓa wa allon bakin titi, ka bi allon. Ka nemi irin manhajar da na ambata, ka fita fili da daddare ka ƙirga naka taurarin, ka rubuto mini nawa ka samu a can.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka