Wasiƙar Maƙeri ga Ɗansa Mai Karatun Taurari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babangida, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Jummai ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don tun aikin da aka yi wa idona ba na iya karanta ƙananan baƙaƙen waya. Na gargaɗe ta kada ta gyara min magana. Innarka na gaishe ka, ƙafar da sauƙi. Saƙon da ka aiko ya iso, Allah ya yi albarka.

Da gangan na ƙi kiranka. In na ji muryarka sai mu ɓige da hira, abin da ke cina ya kwana a cikina.

Ranar Juma'a, ana sakkowa daga masallaci, Baffanka ya tare ni a gaban mutane, ya miƙo min wayar Sale. Wai ka rubuta a Facebook cewa saura shekara biliyan 5 rana ta mutu, kuma ƙarfen da ke cikin jinin ɗan Adam a cikin tauraro aka ƙera shi. Ya ce, "Ga abin da ka shuka nan. Ɗanka ya san ranar tashin ƙiyama, abin da aka ɓoye wa Annabawa." Ban tanka masa ba. Ka san yadda muke da shi tun maganar gonar fadama.

Ni maganar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Kai ka faɗa min ita da bakinka a maƙera, hutun da ka zo, kana ja min zuga-zugi kamar lokacin da kake yaro. Ka ce rana tauraro ce irin sauran, kusa kawai ta fi su. Ka ce zafin tsakiyarta ya kai digiri miliyan 15, alhali ƙarfe a wajen 1,500 yake narkewa, mu kuwa da duk gawayin ƙiryarmu sai dai mu sa shi ya yi ja ya yi laushi. Makamashinta wata iska ce, haidurojin, tana juyewa hiliyam, haka take ci shekara biliyan 4 da rabi da 'yan kai. In makamashin ya ƙare za ta kumbura ta yi ja, ta haɗiye duniyoyin da suka fi kusa da ita, ta zubar da ɓawonta, a bar wani farin dunƙule kamar girman duniyarmu, yana hucewa a hankali kamar garwashin da aka manta a toka.

Wanda ya fi tsaya min shi ne na manyan taurari, waɗanda suka ninka rana nauyi sau 8 ko fiye. Ka ce su ba sa tsawon rai, shekaru miliyoyi kawai, saboda ba su iya tattalin gawayi ba. Tokar wutar farko ita ce gawayin ta biyu, tokar ta biyu gawayin ta uku, har a iso kan ƙarfe. Shi kuma ƙarfe ba ya ba da wuta. Nan take tauraron ya rufta cikin kansa, ya tarwatse, ya watsa abin cikinsa a sarari. Na ajiye masaba na yi dariya, na ce ashe ƙarfe ne ajalin tauraro. Sai na tuno ayar Suratul Hadid da kakanka, mai sunanka, yake yawan ja in ya hura wuta, inda Allah ya ce ya saukar da ƙarfe, a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da amfani ga mutane. Ka ƙara min da cewa wani likita a Masar, Ali ɗan Ridwan, ya ga fashewar wani tauraro da idonsa a shekarar 1006, ya rubuta. Sati guda ina ba mutanen kasuwa labarin nan. Ko da ka ce min Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne ma, duniya ce irin tamu, haɗiyewa na yi, duk da ban ji daɗin a raba Zara da wata ba.

Saboda haka ba ilimin nake tsoro ba. Na sa Jummai ta karanta min rubutun naka sau uku. Babu in sha Allahu, babu Allahu a'alamu, babu sunan Allah ko sau ɗaya. Sannan Innarka ta ce sau biyu tana kiranka da hantsi tana samunka cikin barci, ka ce mata kwana kuke yi a Sutherland ta Afirka ta Kudu, gindin na'urar hangen taurarin nan mai madubi 91 da aka harhaɗa ya kai faɗin mita 11, sai gari ya waye ku kwanta. To Babangida, kafin ka kwanta ɗin, kana sallar asuba?

Wannan tambayar ce ta hana ni barci tun Juma'a. Mutumin da ya saba ƙirga shekaru da biliyan, raka'a biyu me za ta zama a idonsa? Shekaruna 67 tartsatsi ne a lissafinka, na sani. Kuma na san yadda ƙarfe ke hucewa, aikina ne. Ba ya mutuwa lokaci guda. Daga gefe yake farawa, tsakiyar na nan da ja, kana cewa da saura, sai ka ɗora masaba ka ji ya ƙi. Yau an makara asuba saboda aiki, gobe a haɗa ta da azahar, jibi babu mai tambaya, tunda babu ladan a kan dutsen nan, babu kuma Innarka da za ta buga maka ƙofa.

Ni na cire ka daga gindin zuga-zugi kana shekara 7 na kai ka boko, kai ne na farko a gidanmu. Ni na sayar da fadama da ka samu jami'a. Baffanka ya ce ɗan maƙeri ba ya barin uwar maƙera ya ga daidai, na ce Allah bai rubuta mana awartaki a goshi ba. Har yau ban ce na yi kuskure ba. Amma in ka saki salla, ba malamanka na Kef Tawun za a tambaya ba, ni za a tambaya, kuma ban san amsar da zan bayar ba.

Wai ma wa kake rubuta wa? Danginka ne ke karantawa, mutanen da ba su raba ilimin falaki da duba ba. Shekaranjiya wata mata ta zo wajen Innarka, wai ko za ka duba wa 'yarta tauraronta kafin a sa rana. Da Sale ya tambaye ka a ƙarƙashin rubutun, sai ka ce masa ya je ya yi karatu. Sale! Wanda ya goya ka zuwa makarantar allo. Ba haka na rene ka ba, kuma wannan kalmar ta fi ta Baffanka yi min ciwo. Ka kira shi ka ba shi haƙuri, ka kira Baffanka ka gaishe shi, ko zai yi maka faɗa ka yi shiru.

Ban ce ka dawo ba, ka ji ni da kyau. Ka gama abin da ya kai ka. Lissafinka ma ban ƙaryata shi ba. Ni ma in na dubi buhun gawayi na san kwanakin da zai yi min, amma in na ga dama da azahar sai in watsa wa wutar ruwa in rufe maƙera. Gawayin ka auna, Mai maƙerar bai faɗa maka lokacin tashinsa ba. Da ka sa wannan a rubutunka, da Baffanka bai sami abin tare ni da shi ba.

Ka taɓa ce min akwai Musulmi da yawa a Kef Tawun, da masallacin da aka gina tun 1794, har suna taruwa a bakin teku duban watan azumi. Ka riƙa zuwa cikinsu. Ka nemi dattijo guda wanda in bai gan ka a sahu ba zai tambaya.

An ce yanzu ne sanyinku, lokacin da mu muke shuka. Innarka ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka, kuma ka faɗa mata in yajin ya ƙare. Ni kuma ina son in sani ko daga can ana ganin Kaza da 'ya'yanta, wadda kakanka ke duba wa damina.

Duk asubar da ka sallame, ka yi min filashin. Ba zan ɗauka ba, kada kuɗinka su tafi. Wayar na nan kusa da buzuna.

Mahaifinka.